Fina-finan Indiana Jones Biyar: Wanne Za Ka Fara Kalla, Wanne Zai Iya Jira?

Ɗan yayata ne ya same ni wata Asabar da yamma, wayarsa a hannu, ya ce, "Kawu, na je wajen mai tura fim na tarar ashe Indiana Jones ɗin nan har biyar ne, kuma wurin da ya rage a wayata bai wuce na biyu ba. Waɗanne zan ce ya tura mini?" Tambayar ta yi mini daɗi, domin fina-finai ne da na taso da su tun zamanin kaset ɗin bidiyo, kuma na san ba shi kaɗai ke cikin wannan ruɗanin ba. Fim biyar ne cikin shekara 42, daga 1981 zuwa 2023, jarumi ɗaya, hula ɗaya, bulala ɗaya, amma tsakanin wani da wani akwai tazara mai nisa. Wanda ya fara ta inda bai kamata ba sai ya ɗauka duk haka suke, ya watsar.

Asalin abin a 1977 ne. George Lucas ya tafi hutu tsibirin Hawai a daidai lokacin da fim ɗinsa Star Wars ke fita, tare da abokinsa Steven Spielberg. Spielberg ya ce shi burinsa ya shirya fim ɗin James Bond, Lucas ya ce yana da abin da ya fi wannan: wani malamin jami'a, masanin haƙo kayan tarihi, wanda in ya ajiye alli sai ya ɗauki bulala ya shiga duniya neman abubuwan da suka ɓace. Sunan Indiana na karen Lucas ne. Da farko Indiana Smith aka sa masa, daga baya aka mayar da shi Jones. Ba ma Harrison Ford, wanda ya fito a matsayin Jones, aka fara zaɓa ba. Tom Selleck ne, sai yarjejeniyarsa da wani shirin talabijin mai suna Magnum, P.I. ta riƙe shi. Spielberg ya ba da umarni a huɗu na farko, John Williams kuwa shi ya yi kiɗan duka biyar ɗin, har da wannan take da ko wanda bai taɓa ganin fim ɗin ba ya taɓa jin sa a wani wuri.

Abin da na faɗa wa yaron shi ne, gardamar gaskiya tsakanin biyu take: Raiders of the Lost Ark na 1981 da The Last Crusade na 1989. Sauran ukun kowanne yana da mai son sa, amma babu wanda zan miƙa wa baƙo a matsayin ƙofar shiga.

Na 1981 labarinsa a 1936 yake. Gwamnatin Amurka ta samu labari 'yan Nazin Jamus suna haƙa a tsohon birnin Tanis na Masar, suna neman Akwatin Alkawari na Bani Isra'ila. Mai kallo Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan akwati: Kirista ya san shi a Tsohon Alkawari, Musulmi kuma ya san Tabutin da aka ambata a Suratul Baƙara, aya ta 248, cikin ƙissar Ɗalutu. Fim ɗin ba wa'azi ba ne, kuma abin da ya nuna akwatin yana yi ƙagen marubuta ne, amma ya ɗauki abin da nauyi. Jarumin ya fara da kallon sa a matsayin kayan tarihi kawai, ya ƙare yana ɗaure a jikin turke yana roƙon abokiyar tafiyarsa Marion ta rufe idonta. Wannan yana daga cikin abin da ya sa nake girmama fim ɗin: a ƙarshe ba ƙarfin jarumi ne ya yi nasara ba.

Amma ainihin abin da ya ɗaga shi shi ne yadda aka yi shi da hannu. Dubi farkonsa. Jones ya shiga wani tsohon ɗakin bauta a dajin Peru, ya tsaya gaban ɗan gunkin zinariya da ke kan dutse. Ya shafa haɓarsa, ya ɗauko jakar yashi, ya auna ta a tafin hannu, ya ɗebe ɗan yashi ya zubar ta tsakanin yatsunsa, sannan ya musanya su cikin ƙiftawar ido. Ya yi murmushi, ya juya, sai dutsen ya fara nutsewa a hankali. Cikin 'yan daƙiƙun nan, ba tare da dogon bayani ba, ka riga ka san mutumin: yana da ilimi, yana da ƙarfin hali, kuma lissafinsa yakan kuskure. Haka kuma wurin da ya bi motar sojoji a kan doki, aka jefo shi ta gaba, ya bi ta ƙarƙashin motar tana gudu ya fito ta baya yana jan ƙasa da bulalarsa. Mutum ne na gaske, Terry Leonard, ya shiga ƙarƙashin motar. Ƙurar da kake gani ƙura ce, zufar kuma zufa ce, domin a Tunisiya aka ɗauki ɓangaren Masar cikin zafi mai tsanani, birnin Ƙairawan ya tsaya a matsayin Alƙahira. Har wurin nan da ya shahara, inda wani mai takobi ya tsaya yana juya takobinsa Jones ya zaro bindiga ya harbe shi sau ɗaya, an tsara shi ne a matsayin dogon faɗa, sai ciwon ciki ya kama Ford aka gajarta. Da kimanin dala miliyan 20 aka yi fim ɗin, ya zama wanda ya fi kowanne kawo kuɗi a 1981, ya ci kyautar Oscar biyar. Bai kai awa biyu ba, kuma babu inda za ka tsallake ba ka yi asara ba.

Aibinsa kuwa ba zan ɓoye ba. Larabawan da ke cikinsa yawanci 'yan haƙa ne da 'yan kasuwa da 'yan ta-kife, suna bayan fage ana gudu ta cikinsu. Mutum ɗaya ne ɗan ƙasar da aka ba wa mutunci da suna, wato Sallah, aminin Jones mai iyali da yawa da son waƙa, shi ma John Rhys-Davies ne, ɗan Birtaniya, ya fito a matsayinsa. Sannan ƙarshen fim ɗin, inda fuskokin mutane ke narkewa, ba na ƙananan yara ba ne.

Na 1989 ya ɗauki ƙashin bayan na farko ya ɗora masa abin da wancan ba shi da shi: uba. Labarin a 1938 yake, 'yan Nazi kuma sun dawo, wannan karon ana neman ƙoƙon da al'adar Kiristocin Turai ta ce Annabi Isa ya sha da shi a cin abincinsa na ƙarshe da almajiransa. Sai dai Jones ba don ƙoƙon ya fita ba, mahaifinsa ne ya ɓace a wajen nema. Sean Connery ya fito a matsayin uban, ko da yake shekara 12 kacal ya ba Ford. Dattijo ne malami, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan littafi ɗaya da buri ɗaya, har ya manta yana da ɗa. Mutumin da muka gani yana karawa da rundunar soja shi kaɗai, da zarar uban ya ɗaga murya sai ya miƙe tsaye ya amsa kamar ɗan firamare. Akwai inda ya ambaci sunan Annabi Isa cikin fushi, uban ya wanka masa mari ya ce na saɓo ne. Duk wanda ya tashi a gidan malami zai gane wannan marin. Akwai kuma inda jirgin yaƙi ya biyo su a bakin teku, harsashi ya ƙare, dattijon ya buɗe lemarsa ya bi garken tsuntsayen ruwa yana kora, suka tashi suka toshe wa jirgin hanya ya faɗi. Kallon da ɗan ya yi wa uban a nan, kallon wanda yau ya fara ganin darajar mahaifinsa, ya fi mini duk wata fashewa da ke cikin fina-finan biyar.

Farkonsa ma kyauta ce ga wanda ya riga ya ga na 1981. An koma 1912, River Phoenix ya fito a matsayin Jones yana saurayi, ka ga inda ya samo hular, da bulalar, da tabon haɓarsa, da tsoron macijinsa. Shi ya sa na fi son a kalle shi a na biyu. Ya fi na farko ban dariya, ya fi shi taɓa zuciya, ya kuma kai ka Benis ta Italiya da Barlin da Petra ta ƙasar Jodan, inda aka sassaƙa fuskar gini a jikin jan dutse. Inda ya gaza na farko shi ne tsoro: haɗarin bai kai wancan kama ciki ba, kuma an mayar da Marcus Brody, abokin aikin Jones wanda a 1981 dattijo ne mai nutsuwa, ya zama abin dariya. Mai kallo da iyali ya sani akwai sumbata da wata magana tsakanin uba da ɗa game da Elsa, 'yar Ostiriya da ke tafiya da su, wadda ba za a so jin ta a gaban surukai ba.

To in an ce ɗaya tak, fa? Wanda ke son ya ga yadda ake ƙera fim ɗin artabu, ya ɗauki na 1981. Wanda zai zauna da ƙannensa ko da manyan 'ya'yansa, wanda yake son labarin da zai bar masa wani abu bayan an kashe talabijin, ya ɗauki na 1989. Ni a kaina, in aka matsa mini, na 1989 nake ɗauka, ko da na yarda na 1981 ya fi shi tsaftar aiki.

Yanzu sai wanda na san zai fi jan hankalin mutanenmu, The Temple of Doom na 1984, saboda dalili ɗaya: Amrish Puri. Bos ɗin nan na fina-finan Indiya, Mogambo na Mr. India, shi ne Mola Ram a nan, shekara uku kafin Mogambo. Ya aske kansa ƙwal, ya sa hula mai ƙaho, ya zaro idanun nan da muka sani, kuma a cikin dukkan mugayen da Jones ya kara da su babu mai kwarjininsa. Wanda ya ga sunansa zai so ya fara daga nan, musamman da yake labarin a 1935 yake, shekara ɗaya kafin na farko, har wasu kan ce a bi jerin shekarun labari. Ban yarda ba. Fim ɗin ya ɗauka ka riga ka san jarumin kana son sa, shi ya sa ya yi ƙarfin halin nuna shi yana neman arziki da suna, har a wani wuri ya juya wa yaronsa baya.

Kuma fim ne mai duhu. Ana ciro zuciyar mutum yana da rai, ana bautar da yara a ramin haƙar ma'adinai, ana dukan su da bulala. Ƙorafin iyaye a kan wannan fim da wani mai suna Gremlins ne ya sa a 1984 aka ƙirƙiro matakin PG-13 a Amurka, na gargaɗin iyayen yara 'yan ƙasa da shekara 13. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ya zana Indiyawa. Liyafar fadar Pankot, inda ake kawo macizai da ƙwari da ƙwaƙwalwar biri, ƙarya ce aka yi wa mutanen da da yawansu ko nama ba sa ci. Mu da muka kalli ɗaruruwan fina-finan Indiya mun fi Baturen 1984 gane haka. Hukumomin Indiya sun ƙi yarda da rubutun labarin, aka tafi Siri Lanka aka ɗauka. Shi kansa Spielberg daga baya ya nuna bai gamsu da duhun fim ɗin ba. Jarumar, Willie, ihu ya fi yawa a aikinta.

Duk da haka yana da abin da ba za a ƙwace masa ba. Rabin awarsa ta ƙarshe, daga tseren amalanken ma'adinai a cikin rami zuwa gadar igiya da Jones ya sare yana tsakiyarta, tana cikin mafi kyawun abin da aka yi a jerin. Yaron da ke tare da shi, Ke Huy Quan, ya ɗauki fim ɗin a kafaɗarsa, kuma shi ne ya ci Oscar a 2023 bayan shekaru masu yawa ba a ganin sa. Sannan wannan ne fim ɗin da jarumin ya mayar da dutsen da ya samo ga ƙauyen da aka sace shi, maimakon ya kai shi Amurka.

Wannan batun bai kamata mu wuce shi ba. Maganar da Jones ya fi nanatawa ita ce kayan tarihi gidan adana kayan tarihi ya dace da su. Tambayar ita ce gidan wa? A 1897 sojojin Birtaniya suka kwashe kayan tagullar fadar Benin, sai a Disambar 2022 Jamus ta kawo kashin farko na waɗanda ke hannunta Abuja. Gumakan yumɓu na Nok, da aka fara cin karo da su a 1928 wajen haƙar kuza a kudancin Kaduna ta yau, masu haƙar sata sun yi musu ɓarna mai yawa, da dama suka ƙare a hannun attajiran waje. Masanin haƙo kayan tarihi na gaske yakan shafe makonni da ɗan cokali da buroshi yana auna zurfi yana rubutawa, domin in aka fizge abu daga inda yake kwance ba a rubuta komai ba, rabin iliminsa ya tafi. Abin da Jones ya yi da gunkin Peru, ya ɗauke ɗakin ya rushe a bayansa, ya fi kusa da aikin masu haƙar sata. Ina son fina-finan nan ƙwarai, kuma ina so duk wanda na ba shawarar kallon su ya riƙe wannan a ransa.

Na huɗu, Kingdom of the Crystal Skull, sai da aka jira shekara 19, ya fito a 2008 Ford yana da shekara 65. Labarin ya koma 1957, Tarayyar Sobiyat ta maye gurbin 'yan Nazi, Cate Blanchett ce shugabarsu. Ya kawo kuɗi sosai, kusan dala miliyan 790, amma shi ya fi raba kan masoya. Rabinsa na farko yana da kyau, tseren babur a harabar jami'a ya tuna mini da na da, dawowar Karen Allen a matsayin Marion kuma ta faranta rai. Matsalar ta fara ne inda kwamfuta ta karɓi aikin da a da mutane ke yi: jarumi ya shiga firiji ya tsira daga bam ɗin nukiliya, saurayin da ke tare da shi, wanda ashe ɗansa ne, yana lilo a igiyoyin daji tare da birai, tururuwa na cinye mutum. Da zarar ido ya gane ba gaske ba ne, tsoro ya tafi. Abin da ake nema ma, wato wani ƙoƙon kai na ƙarau, bai da nauyin Tabuti ko ƙoƙo, domin ƙoƙunan kai na ƙarau da ke gidajen tarihi, har da na Landan, bincike ya nuna ba tsoffin mutanen Amurka suka sassaƙa su ba, aikin kayan zamani ne. Zai iya jira.

Na biyar, Dial of Destiny, ya fito a 2023, bayan Disney ta sayi kamfanin Lucasfilm a 2012 a kan dala biliyan huɗu da ɗoriya. James Mangold ne darakta, karo na farko ba Spielberg ba, Ford kuma yana da shekara 80. Ya buɗe a 1944 da fuskar Ford da kwamfuta ta mayar saurayi, sannan ya tsallaka 1969, lokacin da Amurka ke bikin waɗanda suka je duniyar wata. Jones ya tsufa, yana zaune shi kaɗai a ɗan ɗaki a New York, ɗalibai ba sa sauraron sa, ɗansa ya mutu a yaƙin Biyetnam, aurensa ya lalace. Mugun, wanda Mads Mikkelsen ya fito a matsayinsa, tsohon ɗan Nazi ne da Amurka ta ɗauka aikin kumbo, kamar yadda ta ɗauki masana kimiyyar Jamus na gaske bayan yaƙin duniya na biyu. Abin da ake nema an gina shi ne a kan na'urar Antikythera, wadda masu ninƙaya suka tsamo daga wani jirgi da ya nutse a tekun Girka a 1901, mai haƙoran tagulla da ake lissafin tafiyar rana da wata da kusufi da ita.

Bai yi kasuwa ba: abin da ya kawo bai kai dala miliyan 400 ba, ga kuɗin shiryawa kusan miliyan 300 ko fiye. Ya yi tsawo, awa biyu da rabi da 'yan mintuna, tseren keke-napep a Tanja ta Maroko kuma ya ƙi ƙarewa. Amma na fi son sa a kan na 2008, domin ya yarda jaruminsa ya tsufa. Akwai inda yake hawan dutse a cikin kogo ya tsaya yana lissafa ciwukan jikinsa, da inda aka tambaye shi me zai gyara in zai iya komawa baya, ya ce zai hana ɗansa shiga soja. Wannan ba zai yi wa sabon mai kallo tasiri ba. Sai wanda ya san mutumin yana ɗan shekara talatin da wani abu yana gudu a gaban ƙaton dutse ne zai ji nauyinsa, don haka duk yadda aka yi shi ne na ƙarshe.

Yaron ya tura na 1981 da na 1989 kamar yadda na ce. Bayan mako guda ya dawo ya ce, "Kawu, na gama duka biyun, na 1989 ma sau biyu na kalla, na biyun tare da Baba." Na tambaye shi me Baban ya ce. Ya ce bai ce komai ba sai a wajen marin, inda ya gyaɗa kai. Yanzu yana so ya goge ɗaya ya sa na Amrish Puri. Na ce ya goge na farkon, ya bar na 1989 tukuna, kuma in zai kalli sabon ya bari sai ƙannensa sun yi barci.